Masu jinyar itace a ƙasar Kurfey

Kowace shekara, ranar 3 ga Agusta, hukumomi a Filinge, ƙasar Kurfey, sukan fito su dasa itatuwa, kamar yadda ake yi a duk faɗin Nijar tun 1975, zamanin Seyni Kountché, wanda shi ma ɗan wannan yanki ne, haifaffen Fandu. Dashen ba shi da wuya: damina ta zauna, ƙasa da laima. Wahalar tana gaba, a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, akuya ta rasa abin ci, gara kuma ta fita neman duk inda danshi ya rage. Wanda ya tsallakar da dashe wannan tsakani shi ne mai sana'ar da nake nufi. Ba shi da shago ko allo. Wani mai renon 'yan itatuwa ne a bakin rijiya, wani manomi ne da ya iya sassabe har ana kiransa gonakin maƙwabta.

Abu na farko da yake sani shi ne ƙasar kanta. Filinge na kwance cikin Dallol Bosso, tsohon kwarin kogi mai yashi, inda ruwan ƙasa ba shi da nisa. Nan gawo da goriba suke jin daɗi. Da an hau tudu sai fako da marmara, sai sabara da geza. Dashen da za a sa a kwari daban, na tudu daban: a can sai an haƙa rami mai siffar rabin wata a saman gangare don ya tare ruwa, a zuba taki. A wasu wuraren kwarin kuma kanwa ce matsalar, gefen ganye ya ƙone alhali ban ruwa bai yanke ba.

Gara ce abokiyar gabar yau da kullum, amma gwanaye ba su ɗora mata laifin duka. Ta fi samun itacen da ƙishirwa ta riga ta raunana, ko wanda aka jibge wa ɗanyen taki da karmami a jikin gindi. Shi ya sa suke zuba toka a rami, su janye busasshiyar ciyawa daga jikin kara, su daka 'ya'yan dogon yaro a jiƙa a yayyafa. Darasin nan na ƙishirwar itace Nijar ta koye shi da tsada. A farkon shekarun 1990 dogon yaro ya riƙa zubar da ganye a garuruwa da dama, sai ɗan tukku a bakin reshe. Masana suka bincika ba su kama ƙwayar cuta guda da za a ce ita ce ba; suka fi karkata ga ƙarancin ruwa da daskarewar ƙasar da ake tattakewa. Maganin sai ya zama sassauta ƙasar gindi da yi mata kwano.

Sai kauci. Tsuntsu ke cin 'ya'yansa ya goge iri mai danƙo a jikin reshe, ya tsiro ya cusa saiwa cikin itacen yana shan ruwansa. Fizge shi aikin banza ne, zai dawo. Reshen ake yankewa can ƙasa da inda ya kumbura. Masu magani suna neman kauci, don haka wani lokaci mai gona yakan samu wanda zai hau masa kyauta.

A ganina, duk gwanintar tana wajen sara. Makiyayi mai sauri, a ƙarshen rani, yakan sari reshen gawo daga sama rabi, ya bar nauyi ya ƙarasa. Reshen ya tsage ya ja ɓawo har jikin uwar, ruwa ya kwanta a wurin, ruɓa ta shiga, bayan 'yan shekaru iskar farkon damina ta kayar da itacen da ya girmi mai saran. Gwani yakan fara da ƙasan reshe da gatari mai kaifi, sannan ya gama ta sama, a karkace, ba ya kuma aske itace kakaf. Ba za a hana makiyayi gawo ba, tunda shi ne ke da kore a rani, ya zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana. Kuma ƙasar nan ta kiwo ce: a Tukunus ake renon shanun Azawak. Abin da ake roƙo shi ne a iya yankan. Haka masu sassaƙe don magani: gefe guda ake ɗiba a shafe da laka, in aka zagaye ɓawon an yanke wa itacen hanyar abinci. Goriba ma, in ana girbe kabarta tun tana ƙasa ba hutu, haka za ta dawwama kututture.

Bayan farin 1984 ne aka fara ɗaukar irin wannan sani da daraja. A Maradi, masanin aikin gona Tony Rinaudo da manoma suka nuna cewa kututturen da ke tofo a gona itace ne mai jira: a zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi, a share sauran. Daga baya aka ƙiyasta hekta miliyan 5 sun farfaɗo ta wannan hanya a Nijar. A 2020 gwamnati ta fitar da doka mai tabbatar wa manomi haƙƙi kan itacen da ya rena, abin da ya rage tsohuwar fargabar tara daga ma'aikatan gandun daji.

Kuɗin sana'ar kaɗan ne, kuma na lokaci guda: sayar da dashe cikin leda da damina, kwangilar makaranta ko masu aikin raya karkara, ladan kewaye da ƙaya ko tubali. Rashin tsaro a arewa, wajen Abala, ya taƙaita zuwa gonaki masu nisa, ya kuma tara jama'a a gari, kowa na bukatar itacen girki. Itatuwan da suka fi kusa da Filinge su ne yanzu suka fi shan gatari, kuma mafi yawan masu saran ba su taɓa zama da wanda zai nuna musu ta ina ake farawa ba.