Ko Kun Sani?

Ko kun sani cewa bindigar toka, wadda maharbi ke ɗura wa albarushi ta baki da hannunsa, ya danna tsumma, sa'an nan ya bi da dalma, hukuncin daulolin Turai ne ya tsawaita zamaninta? A 1890 suka ƙulla alkawari a Brussels, suka taƙaita sayar da bindigogin zamani a galibin ƙasashen Afirka, amma suka halatta bindigar toka mai ƙanƙara da albarushinta, irin waɗanda jirage ke saukewa a Ikko a lokacin. Da yake cikin bututunta sumul ne, harsashi ba ya juyawa, ba ya cin nisa daidai, shi ya sa wajibi ne maharbi ya yi sanɗa har kusa da barewa.