Ƙananan kyamarorin aljihu sun dawo: Abin da masu su suka gani, da abin da mai saye zai duba

A ƙarshen daminar da ta wuce ƙanwata da ke jami'a ta kira ni tana tambayar ko har yanzu ina da ƙaramar kyamarar nan mai ruwan azurfa da nake ratayawa a hannu lokacin ina karatun babbar difloma.

Na ɗauka zolaya ce, domin wayar da ke hannunta ta fi kyamarar tsada nesa ba kusa ba. Ashe da gaske take. Ƙawayenta biyu sun riga sun sayi irinta, kuma da ita suke son ɗaukar hotunan bikin wata abokiyar karatunsu.

Na lalubo ta a ƙasan wata tsohuwar jaka. Batirin ya kumbura, caja ta ɓata, amma memori yana nan a ciki. A cikinsa akwai ɗaruruwan hotunan da ban taɓa kwashewa ba, har da na ƙarshe da muka ɗauka da mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ranar wata ƙaramar sallah.

Sai da na yi mako biyu ina fafutuka kafin na ga waɗannan hotuna da idona. A wannan tsakanin ne na fahimci cewa gidaje da yawa suna da irin wannan ajiya a durowa, kuma ba kowa ne zai yi sa'ar da na yi ba.

Yadda waya ta kore su

Wani injiniyan kamfanin Kodak mai suna Steven Sasson ne ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975. Nauyinta ya haura kilo uku da rabi, kuma tana ɗaukar daƙiƙa 23 kafin ta naɗi hoto ɗaya baƙi da fari a kan kaset.

Sai bayan shekara 20 irin wannan kyamara ta fara shiga hannun jama'a. A 1995 Casio ya fitar da QV-10 mai ɗan allo a baya, inda mutum zai ga hotonsa nan take. Sony ya biyo baya da Cyber-shot a 1996, Nikon ya fito da Coolpix a 1997, Canon kuma ya kawo Digital IXUS a shekarar 2000.

A nan gida, wanda ya yi wayo a shekarun 2000 zai tuna yadda suka cika wuraren suna da ɗaurin aure da bikin kammala makaranta. Wasu sun zo a tsarabar alhazai, wasu a kayan gwanjo. Da su aka huta da sayen fim da jiran mai wanki ya ce rabin hotunan sun ƙone.

Alƙaluman CIPA, ƙungiyar kamfanonin kyamara da ke Japan, sun nuna cewa an fitar da kyamarorin dijital fiye da miliyan 120 zuwa kasuwannin duniya a 2010, kuma mafi yawansu irin waɗannan ƙanana ne. Zuwa 2023 adadin bai kai miliyan takwas ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tun daga fitowar iPhone a 2007 da wayoyin Android bayanta, kyamara ta koma cikin waya, kuma hoto yana tafiya Facebook ko WhatsApp ba tare da an nemi kwamfuta ba. Kodak ya nemi kariyar kotu saboda karayar arziki a watan Janairun 2012, Casio ya bar harkar ƙananan kyamarori a 2018, Olympus kuma ya sayar da sashen kyamararsa a farkon 2021.

Me ya dawo da su?

Matasa ne suka tono su, musamman a TikTok da Instagram. Tun a watan Janairun 2023 jaridar New York Times ta Amurka ta yi rahoto kan yadda matasan can ke farautar kyamarorin da suka kusa sa'annin haihuwarsu. Yayin bai tsaya ga tsofaffi kaɗai ba: Canon G7 X Mark III da ta fito a 2019 da Fujifilm X100VI ta 2024 sun yi ta yankewa a shaguna saboda yawan masu nema.

Da na tambayi ƙanwata me take gani a hoton da waya ba za ta ba ta ba, sai ta ce hoton waya ya yi santsi da yawa, kowa yana fitowa kamar an goge shi da dutsen guga. Hoton kyamarar kuwa, in ji ta, yana kama da waɗanda ke cikin albom ɗin gidanmu.

Maganarta tana da tushe. Wayar zamani ba hoto ɗaya take ɗauka ba idan ka danna. Tana ɗaukar da yawa a jere, manhaja ta haɗe su, ta haskaka inuwa, ta gyara fata. Tsohuwar kyamara kuwa sau ɗaya take ɗauka, abin da ya shiga shi ke nan.

Sai kuma filashi. Na waya ƙaramar fitilar LED ce, na kyamara kuwa ƙwan iskar zinon ne mai walƙiya da ƙarfi cikin ƙiftawar ido. Shi ya sa fuska ke fitowa tar a hoton dare, bayan mutum kuma ya yi duhu, sannan motsi ya tsaya cak ko da ana rawa.

Abin da masu su ke yabawa

Abu na farko da na fi morewa a tawa shi ne janyo abu kusa. Idonta yana fitowa waje ya miƙe, gilasan ciki su motsa da gaske, ba faɗaɗa hoto kawai ba kamar yadda ƙananan wayoyi ke yi har ya dushe. Na taɓa tsayawa can bayan taro a Hawan Daushe a Kano, amma na samu adon dawakai da rawunan mahaya kamar ina gabansu.

Na biyu, aiki ɗaya ta sani. Ba kira, ba saƙo, ba sanarwar da za ta ɗauke maka hankali. Wani abokina malamin firamare ya shaida mini cewa ita yake miƙa wa yaransa idan an je ziyara ƙauye, domin ba ya fargabar su shiga inda bai kamata ba, kuma cajin wayarsa yana hutawa a garin da wuta ba ta zama.

Na uku ya fi shafar mata. Yawancin tsofaffin kyamarorin nan ba sa hawa intanet, don haka hoton kamu ko na lalle yana zaune a memori sai mai shi ya ga damar fitar da shi. Ba zai tafi wani zaure bisa kuskuren yatsa ba.

Amma kada a ruɗi kowa. Idan babu filashi kuma haske ya yi ƙaranci, waya mai matsakaicin kuɗi ta fi su. Farantin da ke karɓar haske a yawancinsu bai wuce milimita shida da ɗoriya a faɗi ba. Filashin kansa ba ya wuce taku kaɗan, bidiyon tsofaffin ciki kuma ba abin nunawa ba ne.

Inda suke ba da ciwon kai

Babban makiyinsu a ƙasarmu shi ne ƙura. Idon da ke fita yana komawa yana tafiya ne a kan ƙananan haƙoran roba, kuma ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta tsayar da shi. Sai ka kunna, ta yi ƙara, ta rubuta cewa ido ya samu matsala, ta mutu. Tawa ta taɓa yi mini haka a tsakiyar hunturu bayan na jefa ta aljihun riga babu jaka.

Mai gyaran da ya duba ta a lokacin ya gargaɗe ni da kada in sake tura idon da yatsa idan ya maƙale, domin haƙoran ne ke karyewa, kuma kayan gyaransu sai dai a ciro daga wata matacciyar kyamara irinta.

Sai batir. Kusan kowane kamfani da nasa samfurin, wani lokaci ma kowace kyamara da nata. Wanda ya daɗe a ajiye yakan kumbura ko ya daina riƙe caji, kuma kumburarren batir haɗari ne, ba a sake caja shi. Masu amfani da batir ɗan yatsa sun fi sauƙin sha'ani, sai dai suna cinye na gama-gari da wuri, gara a nemi masu caji. Idan kuma aka bar su a ciki shekara da shekaru, sukan zubar da ruwa su cinye ƙarfen.

Na uku shi ne memori, kuma nan ne mutane suka fi shan mamaki. Tsofaffin Sony da yawa Memory Stick suke ci. Olympus da Fujifilm na wancan zamani suna amfani da xD, wanda aka daina yi. Hatta masu cin SD, waɗanda suka girmi 2006 galibi ba sa karanta wanda ya wuce 2GB, domin a shekarar ce aka fito da SDHC mai kaiwa 32GB. Mutum zai sayi sabon memori mai girma, kyamara ta ƙi shi, ya zaci ta lalace.

Hotunan da suka maƙale

Memorin da ke cikin tawa irin wanda aka daina yi ne. Na zaga shagunan kayan waya da dama, duk na'urorin karanta memori da suke da su ba su da ramin da zai shiga. Daga ƙarshe wani dattijo mai tsohon situdiyo ne ya zaro wata na'ura mai ramuka da yawa daga durowarsa, ya jona a kwamfuta.

Yawancin hotunan sun buɗe. Wasu kaɗan sun fito rabi hoto rabi toka, ba su gyaru ba. Na mahaifinmu yana cikin waɗanda suka tsira, yana zaune a kan darduma da farar babbar riga, jikoki sun kewaye shi. Da na kai wa mahaifiyarmu wanda aka wanke, ta daɗe tana kallonsa ba ta ce komai ba, sannan ta sa aka yi wa kowane ɗa nasa.

Abin da ban sani ba a da shi ne memori ba ma'ajiyar dindindin ba ce. Yana riƙe bayanai ne da ɗan cajin lantarki a cikinsa, kuma cajin yana iya raguwa idan aka yi shekaru ba a jona shi ba, musamman a wuri mai zafi. Duk wanda yake da irin wannan ajiya, gara ya kwashe yau, ya ajiye a wuri biyu aƙalla, ya kuma wanke waɗanda ba zai so ya rasa ba.

Idan kwamfuta ta ce sai an goge memorin kafin ya buɗe, kada a yarda. A cire shi a kai wa wanda ya san aikin, domin sau da yawa ana iya ceto hotunan matuƙar ba a ɗora sababbi a kansu ba.

Kafin ka biya kuɗi

Ga mai son saye, ga abin da na koya da kuɗina.

Kada ka sayi wadda ba a kunna maka ba. Ka kunna ka kashe sau da yawa, ka ja idon har ƙarshe ka dawo da shi, ka saurari ko yana gurnani ko yana tsayawa a hanya.

Ka ɗauki hoton farin bango ko sararin sama ka duba ko akwai ɗigo ko layi. Ka gwada filashi a wuri mai duhu. Ka buɗe gidan batir ka duba tsatsa ko farin gari.

Ka tambayi irin batir da memorin da take ci, ka tabbatar ana samunsu a garinku kafin ka miƙa kuɗi. Kyamara mai araha da babu cajarta takan zama mai tsada.

Kada yawan megafiksel ya ja ka. Bakwai ko takwas sun isa a wanke hoto mai girman takardar A4. Akwai sababbin kyamarori marasa suna da ake tallatawa a intanet da manyan lambobi a jikin kwali, amma idonsu ba ya motsi, hotonsu kuma bai kai na ƙaramar waya ba.

Ka haɗa da na'urar karanta memori mai shiga waya, domin da ita za ka kwashe hotuna ba sai ka nemi kwamfuta ba. Ka kuma saita kwanan wata, saboda kyamarar tana liƙa shi a bayanan kowane hoto, kuma wata rana shi zai gaya maka shekarar da aka yi bikin.

Sirrin da ke tafiya da memori

Akwai kuma gargaɗi ga mai sayarwa ko mai bayar da aro. Goge hoto a kyamara ba ya nufin ya tafi. Da manhajojin da ake samu kyauta ana iya dawo da hotunan da aka goge, wani lokaci ko bayan an share memorin gaba ɗaya. Wasu kyamarorin ma suna da ɗan ma'aji a cikinsu wanda ke riƙe hotuna ko babu memori.

Don haka idan za ka rabu da ita, cire memorinka ka riƙe, ka duba ma'ajin ciki. Hoton iyalinka bai kamata ya bi kyamara zuwa hannun wanda ba ka sani ba.

Ni dai na sayo sabon batir, na nemo wani memorin daban, na saka kyamarar a jaka mai zif na aika wa ƙanwata, da sharaɗin ta kwashe hotunan bikin kafin mako ya zagayo. Tsohon memorin yana wurina, a cikin ambulan ɗaya da takardun gida.