Ina Arzikin Agadas Yake Shiga?

Sau huɗu cikin shekara hamsin da 'yan kai arziki yana sauka a jihar Agadas. A 1971 kamfanin SOMAÏR ya fara fitar da ƙarfen yuraniyom a Arlit, COMINAK ya bi sahu a 1978. Turawa 'yan yawon buɗe ido suka zo suka cika gindin hasumiyar Babban Masallaci. Kasuwar jigilar baƙi zuwa Libiya ta buɗe, har ta kai kowace Litinin sai jerin Hilux sun kama hanyar Dirku. A 2014 kuma zinariya ta bayyana a Jado da Cibarakaten. Kowane karo kuɗi sun shigo, amma da zarar kasuwar ta watse sai ka tarar da samari a fada suna dafa shayi, ba aikin yi. To, ina kuɗin suke shiga?

Wanda ake fara tuhuma shi ne fari. Ba shakka farin 1973 da na 1984 sun ƙarar da dukiyar makiyaya. Sai dai a wannan ƙasa ce masu lambun Timiya da Tabelot suke noma lemo da rumman da albasar da ake lodi zuwa kudu, ga dankalin tsaunin Bagzan. Ƙasar da ke ba da wannan ba za a ce ita ta cinye arzikin ba.

Na biyu rashin tsaro. Tawayen 1990 zuwa 1995, da na 2007 zuwa 2009, da sace ma'aikata a Arlit a 2010, su suka kori 'yan yawon buɗe ido. Amma duk tsawon lokacin ba a daina haƙar yuraniyom ba, zinariya ma bayan nan ta zo. Rashin tsaro ya rufe ƙofa ɗaya ne, bai gaya mana inda sauran kuɗin suka bi ba.

Na uku kamfanin Faransa da ya riƙa haƙar yuraniyom da gwamnatocin da suka ƙulla yarjejeniya da shi. Waɗannan suna da nasu kason laifi, kuma babba ne. Ranar 31 ga Maris 2021 da COMINAK ya rufe, ɗaruruwan ma'aikata ya sallama, ya bar wa Arlit tulin dattin ma'adini. Amma ga abin da ya hana a rufe shari'ar nan: zinariyar Jado ba Bafaranshe ya haƙa ta ba. 'Yan ƙasa ne da 'yan Cadi da Sudan, kuma ita ma haka ta fice. Ke nan akwai wata ɓaraka da ta wuce ta kamfani.

Dabarar da ta rage ita ce a bi sawun kayan. A da, shekara da shekaru yuraniyom ya riƙa barin Arlit a matsayin gari mai ruwan ɗorawa cikin durom-durom, ya bi ta Tawa zuwa tashar ruwan Kwatano, ya sauka Faransa. A Malvési ake tace shi, a Tricastin a inganta shi, kafin ya zama lantarki. Kowane mataki yana ƙara masa daraja, kuma kowane mataki aikin injiniyoyi ne da masanan sinadarai. Zinariya ma haka. Saurayi ya ɗaura tocila a goshi ya sauka rami, a daka dutse, a wanke da zaiba, ya kai wa mai sikeli. Abin da mai sikeli ya faɗa shi ne kuɗinsa, tacewa kuma sai a Dubai. Wahala a nan, riba a inda ilimin yake.

Shaidar da ta tabbatar da haka tana rumfar maƙerin farfaru. Dubi yadda yake ƙera tsakiyar wuyan nan da duniya ta san Agadas da ita: ya siffanta ta da kakin zuma, ya lulluɓe da yumɓu, ya gasa har kakin ya tsiyaye, ya ɗura narkakkiyar azurfa, ya fasa, ya goge, ya yi zane. Da 'yan yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa, ya ɗauki kayansa ya bi su Yamai, wasu har kasuwannin Turai. Sana'arsa ta jigata amma ba ta mutu ba, domin sirrinta daga farko har ƙarshe yana cikin kansa.

Saura ƙulli ɗaya. Ai Agadas ba ta rasa makarantu ba: ga makarantar ma'adinai ta EMAIR, ga jami'ar da aka kafa a 2014. Me ya hana su ɗinke ɓarakar? Yawancin yara ba su isa ƙofarsu. Ɗan makiyayi yana bin rijiya da kiwo, lakwal kuwa tana nan kafe. Wanda ya shiga, da Faransanci aka tarbe shi, alhali Tamashek ko Hausa ko Tubanci ya sha a nono. Wanda ya jure har kwaleji, ya ga yayansa da takarda a hannu ba aiki, sai ya ajiye allo ya nufi ramin zinariya.

Amsar ke nan: arzikin Agadas yana zurarewa ne ta matakan da 'ya'yanta ba su karanta ba. A Yunin 2025 gwamnati ta mayar da SOMAÏR hannun ƙasa, amma mallakar takarda ba ta tace ƙarfe. Ana buƙatar makarantar da za ta bi makiyayi inda yake, ta fara da harshen uwarsa, ta yaye mai gwada tsabtar zinariya, da mai adana albasa har ta yi kuɗi, da mai gyaran faifan hasken rana, da lauyan da zai karanta yarjejeniya kafin a sa hannu. Kuɗin gina ta kuwa ya kamata a cire su daga ma'adinin tun yana fitowa, domin rami yana da ranar ƙarewa.