Ciwon suga da ƙoda: ƴan ƙananan sinadaran da masana suka sa wa ido

Ciwon suga kan share shekaru yana cin ƙoda ba tare da mai shi ya ji komai ba. Kafin ƙafafu su fara kumbura, ɓarna ta riga ta yi nisa, wani lokacin ma sai an kai ga wankin ƙoda. Shi ya sa masu bincike ke neman alamar da za ta tona asirin cutar da wuri, kuma hankalinsu ya karkata ga microRNA.

Waɗannan ƴan guntayen sinadarai ne da ke cikin ƙwayoyin jiki, aikinsu shi ne taka wa ƙwayoyin gado birki wajen sarrafa furotin. Amurkawa biyu, Victor Ambros da Gary Ruvkun, su suka bankaɗo su a 1993 a jikin wata ƴar tsutsa, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2024.

A 2007, ayarin Rama Natarajan a jihar Kaliforniya ya nuna cewa a ƙodar ɓeraye masu ciwon suga, nau'in da ake kira miR-192 yana ƙaruwa, yana sa furotin ɗin kolajin ya taru a matatar ƙoda har ta taurare. Wani nau'in, miR-21, shi ma an alaƙanta shi da irin wannan tabo.

Da yake ana samun su a fitsari, fatan masana shi ne wata rana su zama awo mai sauƙi. Sai dai har yanzu batun yana matakin bincike.

Kafin lokacin, shawarar likitoci ga mai ciwon suga ba ta canza ba: ya yi awon albumin a fitsari da awon aikin ƙoda a jini aƙalla sau ɗaya a shekara, ya kuma kula da suga da hawan jini.