Canjin pon na tsohuwar bashe: riba da hasara

A tashoshin mota na Maraɗi, Damagaram da Tawa, mutane da yawa ba su manta da Peugeot 404 mai rumfar tamfol ba, wadda ake kira bashe, maƙwabta kuma a Najeriya suna ce mata a-kori-kura. Kamfanin Peugeot na ƙasar Faransa ya fito da 404 a shekarar 1960, ya fito da mai ɗaukar kaya a 1967. A 1975 aka buɗe masana'antar harhaɗa motocin kamfanin a Kaduna, a 1979 kuma bashe 504 ta fito. Ƙasar Kenya ta ci gaba da harhaɗa 404 har 1991. Yau an daina ƙera su duka, amma waɗanda suka rage suna nan suna jigilar hatsi, albasa da bisashe zuwa kasuwannin ƙauye, kuma akwai gidaje da dama da tuwonsu ya dogara da su.

Idan irin wannan mota ta tsufa, wani wuri da ke yawan kai mai ita garaji shi ne pon, wato ƙullin ƙarfen nan da ke tsakanin ƙafafun baya. A nan ne makanikai sukan ba da shawara cewa tun da za a buɗe, gara a canza haƙoran ciki domin mota ta ƙara gudu ko ta ƙara ƙarfi. Shawarar ba ta banza ba ce, amma ya kamata mai mota ya san abin da zai samu da abin da zai rasa kafin ya zuba kuɗinsa.

Aikin pon iri uku ne. Na farko, yana karɓar juyin da ke fitowa daga inji ta doguwar sandar da ke ƙarƙashin mota, ya karkata shi zuwa ƙafafu. Na biyu, yana rage saurin juyin domin ya ƙara masa ƙarfi. Na uku, yana barin ƙafa ɗaya ta fi ɗaya sauri a kan kwana, domin ƙafar waje tana cin tafiya fiye da ta ciki. Aikin na biyu ƙarafa biyu ne ke yin sa: ƙarami mai haƙora kaɗan, wanda makanikai ke kira piniyo, da babban faifai mai haƙora da yawa, wanda suke kira kuron.

Lissafin ba shi da wuya ga wanda ya iya rabawa. Ana ƙidaya haƙoran babba, a raba da haƙoran ƙarami. Misali, idan babba yana da 39, ƙarami yana da 8, sandar za ta juya kusan sau 4,9 kafin ƙafa ta juya sau 1. Idan kuwa babba yana da 38, ƙarami yana da 9, sau 4,2 ya isa. Na farkon shi ake kira gajeren pon, na biyun kuma dogon pon.

A ɗauka taya tana cin mita 2 a kowane juyi, inji yana juyi 3000 a minti, mota tana cikin giya ta huɗu wadda ba ta ragewa ba ta ƙarawa. Da gajeren pon motar za ta yi kilomita 74 a awa. Da dogon pon za ta yi 85, alhali injin bai ƙara wahala ba. Amma ƙarfin da ke isa ƙafafu zai ragu da kusan kashi 13 cikin 100. Ba a samun gudu da ƙarfi gaba ɗaya daga ƙarfe guda. Abin da aka ƙara a nan, can aka rage shi.

Saboda haka hanya ce ke yanke hukunci. Direban da aikinsa yake kan kwalta, kamar babbar hanyar da ta tashi daga Yamai ta bi Doso, Ƙonni da Maraɗi zuwa Damagaram, yana iya cin ribar dogon pon idan kayansa ba su cika nauyi ba: inji zai rage kuka, mai zai ɗan ragu. Amma wanda ke shiga rairayin Dakoro, Mayahi ko Tanut da buhunan gero, dogon pon zai zame masa jidali. Motar za ta riƙa nauyin tashi, kuloci zai ƙone da wuri, inji zai yi zafi, direba kuma zai yini cikin giya ta biyu da ta uku, man da aka so a tattala ya tafi a banza. Dalilin da ya sa kamfani ke ba motocin kaya gajeren pon ke nan tun daga masana'anta. Haka nan, sa taya mafi girma daidai yake da tsawaita pon, ko da ba a taɓa haƙori ko ɗaya ba.

Akwai ƙa'idodin da bakanike na ƙwarai ba ya ketarewa. Piniyo da kuron tare aka goge su a masana'anta, tare kuma ake canza su. Wanda ya haɗa ƙaramin wata mota da babban wata, ya sayi kuka da karyewar haƙori. Bayan an ɗaura, sai a auna ɗan wasan da ke tsakanin haƙora, a shafa musu launi, a juya, a duba inda suke taɓa juna: ana son tambarin ya faɗa tsakiyar haƙori. Ƙwallayen da sanda ke juyi a kansu, waɗanda ake kira rulma ko boris, su ma a canza su tare da robobin da ke tare mai.

Batun mai yana da muhimmanci ƙwarai ga dangin 404. Ƙaramar 404 ta ɗaukar mutane tana da pon na daban, mai sanda murɗaɗɗiya da faifan tagulla, lissafinsa 5 da 21, kuma man da aka tsara masa daga ɗiyan zurma ake yin sa. Ba a gauraya shi da man pon na yau da kullum, kuma wasu mayukan masu ƙarfi suna cin tagulla. Don haka wanda ya je sayen tsohon pon, ko a garejin garinsu ko a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, ya tabbatar da irin wanda aka miƙa masa, ya ƙidaya haƙora da idonsa. Mota mai jan ƙafa huɗu kuwa, kamar Land Rover ko Toyota Land Cruiser, tilas lissafin gaba da na baya su dace, in ba haka ba ƙarafan ciki za su yi ta kokawa da juna har ɗaya ya karye.

Wasu sukan sa a like ƙananan haƙoran ciki da walda domin ƙafafu biyu su riƙa juyi tare cikin rairayi. Gaskiya ne motar takan fita daga yashi, amma a kan kwalta tana cin taya, tana ƙin bin kwana, kuma sandar ƙafa na iya tsinkewa da kaya a kai. Maganin da ya dace shi ne pon mai kama kansa idan ƙafa ɗaya ta soma sulɓi, in an same shi, ko kuwa rage iskar taya kafin a shiga rairayi, a mayar bayan an fita.

Abu na ƙarshe ya shafi rayukan jama'a. Agogon gudu daga akwatin giya yake karɓar lissafinsa, saboda haka bayan an sa dogon pon zai riƙa nuna 74 alhali mota tana 85. Birki kuwa yana nan yadda yake, kuma bashe ba a ƙera ta don ta ɗauki abin da ya wuce kamar tan 1 ba. Jami'an da ke duba lafiyar motoci da shugabannin ƙungiyoyin direbobi suna da aikin faɗakarwa a nan. Mai mota kuma, kafin ya ce a buɗe pon, ya zauna da bakanikensa ya faɗa masa hanyar da yake bi da nauyin da yake ɗauka, su yi lissafi a takarda. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma kuɗin takarda da alƙalami bai kai na haƙori guda ba.