Ɗaukar dabbobi a mota lokacin bazara: yadda za mu kai su lafiya

Jama'a manoma da makiyaya, a watannin Afrilu da Mayu zafi a ƙasarmu yakan wuce digiri 40 a cikin inuwa, wata rana har ya kai 45. A wannan lokaci ne kuma da yawa daga cikinmu suke loda tumaki, awaki da kaji a mota, ko a tirelar da mota ke ja, zuwa kasuwa ko wajen ƙaura. A shekara ta 2025 an yi sallar Layya a farkon watan Yuni. Da yake kowace shekara tana matsowa da kwana 10 ko 11, shekarun da ke biye za su kawo ta cikin Mayu, sannan Afrilu. Ke nan jigilar raguna za ta riƙa faɗawa a tsakiyar bazara. Ragon da aka yi wata shida ana turkarsa yana iya mutuwa cikin yini guda a kan hanya, ya zama mushe, kuɗi da wahala su tafi a banza.

Me ya sa zafi yake kashe dabba a mota?

Zafin jikin tunkiya mai lafiya digiri 39 ne ko kusa da haka, na kaza kuwa 41. Mutum yana rage zafin jikinsa da zufa. Tunkiya ba ta zufa sosai, kare ma haka, kaza kuwa ba ta yi sam. Da haki suke fitar da zafi. In an cushe su wuri ɗaya, kowace tana shaƙar iskar da ƴar'uwarta ta fitar, mai ɗumi da laima, sai hakin ya daina amfani. Ƙarfen mota yana ƙuna daga ƙasa, rana tana duka daga sama.

Muddin mota tana tafiya, iska tana shiga. Haɗarin yana ƙaruwa sa'ad da ta tsaya: a shingen bincike, a tasha, ko in ta lalace a daji. Ƙaramar mota da aka rufe aka bari a rana, cikin minti 10 zafin cikinta yakan ƙaru da kimanin digiri 10, kuma sassauta gilashi kaɗan ba ya hana wannan. Saboda haka ba a barin dabba a ciki, balle yaro, ko da da niyyar a dawo yanzu.

Kafin a tashi

1. Mu zaɓi lokaci. Daga Maraɗi zuwa Yamai ya fi kilomita 600, daga Damagaram kuwa kimanin 900. Tafiya ce mai cin yini. A yi lodi da asuba ko bayan la'asar. Daga hantsi ya ɗaga zuwa la'asar a nemi inuwa a huta.

2. Mu shayar da dabbobi su ƙoshi kafin lodi, amma kada a cika musu ciki da dusa ko kowa. Narkar da abinci mai nauyi yana ƙara zafin jiki. Harawa kaɗan ta isa.

3. Mu tanadi ruwa. Babban rago yana iya shan lita 5 zuwa 10 a rana ta zafi, saniya kuwa 40 ko fiye. Bido mai lita 25 ba zai wuce raguna uku ko huɗu ba a yini. Ruwan mota da na mutane daban ne.

4. Mu shimfiɗa yashi ko ciyawa a ƙasan mota, domin kare ƙafafu daga ƙunar ƙarfe da santsi. A yi rumfa da zana ko tabarma, amma a bar gefe a buɗe. Tampol da aka rufe ruf yana mai da mota tanda.

5. Kada mu cika lodi. Ma'auninsa shi ne: dabbar da ta faɗi ta iya tashi da kanta. A raba manya da ƙanana, a raba masu ƙaho da marasa ƙaho. Dabba mara lafiya ko mai tsohon ciki a bar ta gida.

6. Kada mu ɗaure ƙafafun rago huɗu mu kwantar da shi a gefe tsawon tafiya. Dabba mai tuƙa in ta daɗe a haka ba ta iya gyatsa, iska ta taru a tumbinta, cikin ya kumbura ya danne huhu. Kaji da zabbi a sa su a kwando mai wadatar iska, a rufa musu ganye ko tabarma a sama.

Ita ma motar tana jin zafi

Motar da ke jan tirela tana aiki fiye da yadda ta saba, injinta yakan yi zafi da wuri, kuma birki ba ya tsai da ita nan take. Direba ya duba ruwan lagireto, bakin mai da iskar tayoyi tun da sanyin safe, har da ta safaya. Tsohuwar taya ko mai ƙarancin iska ita ce ke fashewa a kan kwalta mai zafi. A duba maƙalin tirela da sarƙarsa. Nauyi ya ɗan rinjaya ta gaban tirela, domin in ya koma baya sai ta riƙa wutsil-wutsil, ta ja motar zuwa rami. A rage gudu, sauri ya haifi nawa.

In allurar zafi ta hau, a tsaya a inuwa. Kada a buɗe murfin lagireto sai inji ya huce, don tafasasshen ruwa yakan yi tsartuwa ya ƙona fuska da hannu. In gyaran zai daɗe, a fara da sauke dabbobi.

Alamomin da za mu lura da su

Duk bayan awa biyu ko uku a tsaya a duba. Dabbar da zafi ya kama tana numfashi da sauri, ta buɗe baki, harshe a waje, yawu na zuba. Daga nan sai tangaɗi, sai ta kwanta ta ƙi tashi. Kaza takan buɗe baki ta saki fukafukai.

In mun ga haka, mu sauke ta nan da nan, mu kwance igiya, mu kai ta inuwa. A zuba mata ruwa mai sanyi a wuya, ƙafafu da ƙarƙashin ciki, a yi mata fifita. In tana iya sha, a ba ta kaɗan-kaɗan. Kada a yi wa dabbar da ta galabaita ɗura, ruwan yana iya bi ta huhu ya kashe ta. In ba ta farfaɗo ba, a nemi ma'aikacin lafiyar dabbobi na gari mafi kusa.

Mu ma kada mu manta da kanmu. Direba da yaran mota su riƙa shan ruwa tun kafin ƙishirwa ta matsa. Wanda ya fara jiri, ciwon kai ko amai, a kwantar da shi a inuwa, a jiƙa masa jiki, a ba shi ruwan gishiri da sukari: lita guda ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. In ya fara sambatu ko ya suma, a garzaya da shi asibiti.

In an isa

A sauke dabbobi a hankali, a ba su ruwa da inuwa, su huta kafin a kai su kara. Ragon da ya sha ya huta ya fi kyan gani, ya fi kuɗi a wurin mai saye. Ƴan kasuwa da yawa suna ƙara lodi don rage kuɗin mota, amma rago guda da ya mutu ya cinye abin da aka rage har da ƙari. An je neman ƙiba an samo rama.

Wanda ya karanta wannan shafi ya karanta wa maƙwabcinsa, a kuma tattauna shi da direbobi tun kafin ranar lodi.