IN KATAFILA TA ƘI MOTSI, A AUNA WAYA KAFIN A ZARGI ƘWAƘWALWA

Dattawan makanikai da suka ga aikin madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a shekarar 1974, da ta Bakolori a 1978, sun san irin katafilolin wancan zamani. In ɗaya ta ƙi tashi, sai makanike ya kasa kunne, ya duba famfon gas da nozul, ya ɗauki sifana ya gyara. Ƙarfe ne da mai da iska, babu wani ɓoyayyen abu.

To, yau al'amari ya sake. Katafila da gireda da injin haƙa ƙasa na zamani kowannensu yana ɗauke da ƙananan kwamfutoci, waɗanda makanikai ke kira ƙwaƙwalwa. Akwai ta inji, da ta giya, da ta haidirolik, da ta allon da ke gaban direba, kuma dole su riƙa magana da juna a kowane lokaci. Da zarar maganar ta yanke, sai inji ya rage ƙarfi ko ya ƙi tashi sam, alhali kuwa babu ko noti ɗaya da ya kwance. Abin da akan yi gaggawar cewa shi ne ƙwaƙwalwa ta ƙone. Sai ɗan kwangila ya aika a sayo sabuwa da tsabar kuɗi masu yawa, a yi makonni ana jira, rani yana wucewa, lebura suna zaune, sa'an nan a ɗaura ta a tarar ciwon yana nan inda yake.

Domin mai karatu ya gane dalili, ya kamata ya san yadda maganar ke tafiya. Kamfanin Bosch na ƙasar Jamus shi ne ya ƙirƙiro hanyar da ake kira CAN, ya bayyana ta ga duniya a 1986. Daga baya ƙungiyar injiniyoyin motoci ta Amurka, watau SAE, ta kafa ƙa'idar J1939 a kanta domin manyan motoci da injunan aiki. Wayoyi biyu ne kawai, ɗaya rawaya ɗaya koriya, an murɗe su tare kamar tufkar igiya, kowace ƙwaƙwalwa ta jona a jikinsu. Hikimar murɗewar ita ce, duk wani hargitsin lantarki da ya taso daga caja ko kik yakan bugi wayoyin biyu daidai wa daida, ita kuwa ƙwaƙwalwa bambancin da ke tsakaninsu kaɗai take karantawa. A kowane ƙarshen layin kuma akwai rizisto guda mai om 120, wanda ke hana saƙo yin amsa-kuwwa ya dawo ya rikita na bayansa.

Mataki na farko ga mai bincike shi ne ya karanta lambar da allo ya nuna, kada ya share ta. A tsarin J1939 lambar kashi biyu ce: SPN tana faɗin wurin da ciwo yake, FMI tana faɗin irin ciwon. SPN 639 na nufin layin maganar kansa, FMI 9 kuma na nufin saƙon da ake jira bai iso a kan lokaci ba. Wannan lamba ba ta ce wani abu ya ƙone ba. Abin da ta ce kawai, wata ƙwaƙwalwa tana sauraro ba ta ji 'yar'uwarta ba.

Na biyu, a duba batir. Yawancin waɗannan injuna da bolt 24 suke aiki, watau batir biyu masu bolt 12 a jere. In ɗaya ya yi rauni, ko kan batir ya yi tsatsa, ko wayar da ke haɗa batir da jikin inji ta saki, wuta takan faɗi a lokacin tayarwa, ƙwaƙwalwa ta ɗauke na ɗan lokaci, lambobi su cika allo. Sa'an nan a lura: in ƙwaƙwalwa ɗaya ce kaɗai ta ɓace, a fara da fis ɗinta da soket ɗinta, in kuwa duka ne suka yi shiru, to, ciwon yana kan babban layi.

Na uku, a ɗauko mitar gwajin wuta. A kashe makulli, a cire batir, a auna tsakanin waya rawaya da koriya. A soket na ƙa'ida mai baki 9, bakin C da na D ke nan, amma wasu kamfanoni, ciki har da Caterpillar, suna da nasu jerin dabam, saboda haka a nemi littafin injin tukuna. In mita ta nuna om 60, rizisto biyun suna nan kuma layi a haɗe yake. In ta nuna 120, ɗaya ya ɓata ko waya ta tsinke a tsakani. In ta kusa sifiri, wayoyin biyu sun goge sun haɗe. In kuwa 40 ta nuna, an ƙara rizisto na uku, kuma sau da yawa hakan kan biyo bayan ɗaura wata na'ura, kamar ta bin sawun inji, ba bisa ƙa'ida ba.

Bayan haka sai a mayar da batir, a kunna makulli, a auna kowace waya da jikin inji. Kowace ya kamata ta nuna kusan bolt 2.5, rawaya ta ɗan haura, koriya ta ɗan gaza. Wadda ta nuna sifiri ta taɓa ƙarfe, wadda ta yi sama da yawa ta taɓa wayar wuta. In awon bai yi daidai ba, sai a riƙa zare ƙwaƙwalwa ɗaya bayan ɗaya, ana kashe makulli kafin kowace zarewa, har a kai ga wadda da an cire ta layi ya daidaita. Sai a nan ne ake da hujjar zarginta. Ciwon da ke zuwa yana tafiya kuwa, akan kama shi ta hanyar girgiza kuturun waya da hannu ana kallon mita, musamman inda waya ke lanƙwasa a gindin hannun inji.

A ƙasarmu abokan gāban wannan layi sanannu ne: ƙurar hunturu da ke shiga soket, ruwan damina da na wanki da ke sa bakin soket ya yi kore, ɓeraye da ke gwaguyar waya in an ajiye inji ya daɗe, da kuma mai walda da ke aiki a jikin inji ba tare da an cire batir da soket ɗin ƙwaƙwalwa ba. Daɗin daɗawa, akwai mai wayarin da zai yanke murɗaɗɗiyar waya ya jona ta da ko wace iri, ya naɗe da salatif, ya bar wa na gaba ciwon da ba a gane kansa.

Saboda haka muna kira ga ma'aikatun ayyuka na jihohi da 'yan kwangila da makarantun koyon sana'a da su tura makanikansu su koyi karanta taswirar waya da riƙon mita, su kuma ajiye littafin kowane inji a inda mai gyara zai iya kai hannu. Kuɗin mita bai kai na gas ɗin da katafila ke sha a wuni guda ba, awon nan kuwa bai wuce aikin sa'a ɗaya ba. Wanda ya ƙi auna waya, to, ya shirya biyan kuɗin ƙwaƙwalwar da lafiyarta lau.